Gina otal a filin shaƙatawar jama'a: tambayoyi da amsoshi

Duk garin da maganar gina otal a filin shaƙatawa ta taso, jama'a sukan rabu gida biyu tun kafin kowa ya ga takarda ko ɗaya. Wasu na hangen aikin yi da kuɗin shiga, wasu na kukan inuwa da wurin wasan yara. Ga tambayoyin da aka fi yi. Ba za mu ɓoye matsayinmu ba: otal yana iya zama a wurare da dama, fili kuwa in aka zuba masa kankare da wuya ya dawo, saboda haka nauyin kawo hujja yana wuyan mai son ginin.

Tunda filin na hukuma ne, me zai hana ta yi yadda ta ga dama da shi?

Sunanta ne a takarda, amma riƙon da take yi masa ba irin na garejin motocinta ba ne. A dokokin ƙasashe da yawa, filin da aka keɓe wa jama'a amana ne a hannun hukuma, kuma mai riƙon amana ba ya rabuwa da ajiya sai ta hanyar da doka ta shimfiɗa. Tun 1892 kotun ƙolin Amurka ta ce jihar Illinois ba ta da hurumin sallama wa wani kamfanin jirgin ƙasa ƙasar da ke ƙarƙashin ruwan tafkin gaban birnin Chicago. A jihar New York, birni ba ya karkatar da filin shaƙatawa zuwa wani amfani sai majalisar dokokin jiha ta yarda, kuma a 2001 babbar kotun jihar ta ce ko matatar ruwan sha za a gina sai an bi wannan hanya. In matatar ruwa sai da izini, ina ga otal?

Indiya ta fi tsanantawa. A 1996 kotun ƙolinta ta soke hayar wani yanki na daji a bakin kogin Beas da aka ba wa wani masaukin baƙi, ta kuma ɗora masa kuɗin gyara ɓarnar da aka yi. A 1999 ta ba da umarnin rushe kasuwar ƙarƙashin ƙasa da aka riga aka gina a wani lambu a birnin Lucknow, a mayar da lambun yadda yake. Dokar kowace ƙasa daban take, amma ko'ina tambayar farko ɗaya ce: ta yaya filin ya shigo hannun hukuma, kuma da wane sharaɗi?

Waɗanne takardu ya kamata a fara nema?

Takardar mallaka ta asali tukuna. Filayen shaƙatawa da yawa kyauta ce daga wani mutum ko iyali, kuma mai kyautar yakan rubuta cewa don hutawar jama'a ya bayar, in aka saɓa fili ya koma ga magadansa. Sai taswirar safiyo, domin iyakar da ido ke gani da wadda ke rubuce sukan saɓa. Sai tsarin raya gari, a ga a wane rukuni aka sa wurin, don sauya rukuni mataki ne mai zaman kansa da ke buƙatar sanarwa da sauraron jama'a. Daga nan a duba ko an taɓa karɓar tallafi don saye ko gyara filin. A Amurka, filin da ya ci kuɗin asusun kare ƙasa da ruwa na tarayya, wanda ya fara aiki a 1965, ba a sauya shi sai an kawo wani mai daraja da amfani kwatankwacin nasa.

Tsallake ɗaya daga cikin waɗannan yana da tsada. Dokar ƙananan hukumomi ta 1972 a Ingila ta wajabta buga sanarwa a jarida mako biyu a jere kafin a sayar da irin wannan fili, a kuma duba ƙorafin da ya shigo. Majalisar garin Shrewsbury ta sayar da wani ɓangare na filin wasa a 2017 ba tare da yin haka ba. A 2023 kotun ƙolin Birtaniya ta soke izinin ginin da aka bayar, ta ce haƙƙin jama'a a filin bai faɗi ba duk da cinikin.

An ce ɗan gefe kaɗan za a yanka. Otal fili nawa yake ci?

Abin da ake nunawa a zane sawun ginin ne kawai, wato ƙasar da ginin ya zauna a kai, kuma shi ne mafi ƙanƙanta a lissafin. A ɗauki otal matsakaici mai ɗaki 120. In aka haɗa baranda, wurin karɓar baƙi, kicin da ɗakin wanki, kowane ɗaki yana jan kimanin murabba'in mita 50, jimilla 6,000. A hawa huɗu, sawun ginin 1,500 ne. To, mota ɗaya tana buƙatar murabba'in mita 25 zuwa 30 in aka lissafa da hanyar juyawa, wato motoci 120 za su ci 3,000 zuwa 3,600, ninki biyu na sawun ginin ko fiye. Ƙara hanyar shiga, hanyar motar kashe gobara, wurin sauke kaya, ma'ajiyar shara, taransifoma, janareta, tankin ruwa da tazarar da doka ta ce a bari. Abin yakan kusanci hekta ɗaya, wato murabba'in mita 10,000. Filin ƙwallon ƙafa cikakke murabba'in mita 7,140 ne, sai a kwatanta.

Akwai kuma filin da ake rasawa ba tare da an gina komai a kansa ba. Dogon gini yana jefa inuwa a kan ciyawa. Wurin da ke jikin tagogin baƙi yakan zama inda ba a son hayaniya, sai a wayi gari masu gadi na korar yara masu ƙwallo daga filin da har yanzu na jama'a ne a takarda. A nemi zanen da ke nuna iyakar shingen da za a kafa lokacin aiki, shi ne ke faɗin gaskiya.

Me ya sa masu zuba jari ke nacewa sai filin shaƙatawa?

Don ya fi sauƙi kuma ya fi arha. Mai shi ɗaya ne, ba rusau, ba biyan diyya ga mutum goma, ba gurɓatacciyar ƙasar da za a kwashe. Ga shi bishiyoyin da jama'a suka raina shekara da shekaru za su zama abin kallo daga taga, a ƙara kuɗin ɗaki saboda su. In mai jari ya ce aikin ba zai yiwu ba sai a nan, ma'anarsa sau da yawa ita ce ba zai yiwu ba in ya sayi fili a farashin kasuwa. Bambancin kuɗin nan tallafi ne gari yake ba shi, ko da ba a kira shi da sunan ba.

Ai haya ce, ba sayarwa ba. Fili zai dawo, ko ba haka ba?

Hayar ƙasa don otal takan kai shekara 50 zuwa 99, domin banki ba ya ba da bashin gini a kan gajeriyar haya. Yaron da ke wasa a filin yau zai tsufa kafin wa'adin ya cika. Kuma abin da ke dawowa tsohon gini ne mai neman gyara ko rushewa, ba ciyawa ba.

Wurin da ya fi haɗari shi ne jingina. Mai haya zai jinginar da haƙƙin hayarsa ga banki, wannan al'ada ce. Abin da bai kamata hukuma ta yarda da shi ba shi ne a haɗa da mallakar ƙasar kanta a cikin jinginar. In ta sa hannu a kan haka kuma otal ya gaza biyan bashi, banki na iya sayar da filin dungurungum.

Yaya za a gane ko kuɗin shigar da aka yi alkawari gaskiya ne?

Lissafin otal a kan abu biyu yake tsaye: kashi nawa na ɗakuna ke samun baƙo, da nawa ake biya a dare. Ɗaki 120 a kwana 365 ya ba da dare 43,800 na sayarwa. In rahoto ya ce za a cika kashi 70 cikin ɗari, dare 30,660 ke nan. In abin ya tsaya a kashi 55, dare 24,090 ne, an rasa fiye da kashi ɗaya cikin biyar na kuɗin ɗakuna. Otal ɗin da bai cika ba yakan karya farashi. In ya rage kashi 10, giɓin ya kusa kashi 30 cikin ɗari. Albashi, wuta, inshora da kuɗin ruwan bashi kuwa ba sa sauka don baƙi sun ragu, shi ya sa ɗan kuskure a hasashe yake cinye riba gaba ɗaya.

Don a san inda ma'auni yake, otal-otal ɗin Amurka baki ɗaya sun cika kusan kashi 66 a 2019, shekara mai kyau, suka faɗo kusan kashi 44 a 2020 saboda annobar korona. Duk rahoton da ya sa sabon otal a ƙaramin gari ya zarce kashi 70 tun shekarar farko, a tambayi mai shi daga ina baƙin za su fito. Sabon otal yakan ɗauki kimanin shekara uku kafin kasuwarsa ta daidaita.

Sai a duba abin da rahoton ya yi shiru a kai. Kamfanin da zai gudanar da otal yakan ɗauki kashi 2 zuwa 4 na duk kuɗin da ya shigo, ko an ci riba ko ba a ci ba. In za a rataya sunan wani babban kamfani, shi ma da kuɗinsa. Akwai kashi 4 ko makamancin haka da ake warewa don sauya katifu, labule, darduma da na'urori, in ba haka ba otal ya tsufa cikin shekara bakwai. In aka ɗaura hayar hukuma a kan riba, duk waɗannan za su fita kafin a zo kanta, kuma akawu mai wayo yana iya sa riba ta ɓace. Sannan baƙon da ya bar tsohon otal ɗin gari ya koma sabo bai ƙara wa gari ko sisi ba, kuɗi ne ya tashi daga wannan aljihu ya faɗa wancan. A cire shi, a cire rangwamen harajin da aka yi wa mai jari, a cire kuɗin titi da bututun da hukuma za ta shimfiɗa masa. Abin da ya rage shi ne ribar gari, kuma sau da yawa a nan ake gane kallon kitse aka yi wa rogo.

Wa ya biya kuɗin rahoton? In mai son ginin ne, hukuma ta ɗauki nata masanin ya bi lissafin layi-layi.

Aikin yi fa?

Aikin gini na wata 18 zuwa 24 ne, ya ƙare. Na dindindin ya danganta da irin otal ɗin: wanda kwana kawai ake yi yakan ɗauki ma'aikaci ɗaya ga ɗaki uku ko huɗu, mai gidan abinci da zauren taro yakan kusanci ɗaya ga kowane ɗaki, inda albashi ke da arha adadin ya fi haka. Ayyuka ne na halal, ba ma raina su. Sai dai da za a gina otal ɗin a kangon wata tsohuwar masana'anta ko wurin ajiye motocin da ke gaba kaɗan, mutanen nan dai za a ɗauka. Aikin yi hujja ce ta gina otal, bai zama hujjar gina shi a filin yara ba.

Me zai hana garin ya ci bashi ya gina da kansa, riba ta zama tasa?

Asara ma tasa ce. Birnin Baltimore na Amurka ya ci bashin dala miliyan 301 ta hanyar takardun lamuni, ya gina otal mai ɗaki 757 kusa da zauren taronsa. An buɗe shi a 2008, daidai lokacin da tattalin arzikin duniya ya durƙushe, ya yi shekaru yana tafka asara. Hukumar da ta mallaki otal ta kuma zama mai gasa da masu otal ɗin da take karɓar haraji a hannunsu. Kuma ranar da kuɗin biyan bashi ya gaza, daga kasafin da ya fi rauni ake yanka, wanda galibi na kula da filayen shaƙatawa ne.

Wace illa ginin ke yi wa ƙasa da bishiyoyin da suka rage?

Ruwan sama na milimita ɗaya a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce. Ruwan milimita 30 a hekta ɗaya lita 300,000 ke nan. Ƙasa mai ciyawa tana shanye mafi yawansa, ta saki kamar kashi 20, wato lita 60,000. Rufi da kwalta suna sakin kusan kashi 90, lita 270,000, kuma cikin gaggawa. In magudanar unguwar an yi ta ne da lissafin fili mai shan ruwa, gidajen da ke gangare ne za su karɓi ragowar. Dole injiniya ya nuna tafkin tara ruwa ko tankin ƙarƙashin ƙasa, da girmansa a rubuce, da wanda zai riƙa yashe shi.

Bishiya kuma ba sai an sare ta take mutuwa ba. Yawancin saiwoyinta suna cikin santimita 60 na saman ƙasa, sun bazu nesa da gindi. Tifa da katafila suna danne ƙasa har iska ta daina shiga, ramin bututu ya datse saiwa, ruwan wankin siminti ya ƙona abin da ya saura. Bishiyar za ta tsaya da ganyenta har a yi bikin buɗe otal, ta bushe bayan shekara biyu zuwa biyar, lokacin ɗan kwangila ya daɗe da tafiya. Ƙa'idar da ake bi a Birtaniya mai sauƙin riƙewa ce: a auna kaurin gindin bishiya daga gefe zuwa gefe, a ninka sau 12, a kafa shinge mai ƙarfi a wannan nisa. Gindi mai rabin mita yana buƙatar mita 6 ta kowace fuska, ba mota, ba tara yashi, ba haƙa. Alkawarin dasa goma a madadin ɗaya yana da daɗin ji, amma dashe yana buƙatar shekara 20 ko 30 kafin ya yi inuwar da aka rasa, in ma an samu mai ba shi ruwa.

In aka ba da wani fili a madadi, ba shike nan ba?

Sai in ya yi wa mutanen da suka rasa na farko amfani. Ofishin Turai na Hukumar Lafiya ta Duniya ya ba da shawarar kowa ya samu koren fili mai aƙalla rabin hekta a cikin mita 300 daga gidansa, tafiyar minti biyar. Hekta uku a bayan gari ba ta maye gurbin hekta ɗaya a tsakiyar unguwa ga tsohuwa mai sanda ko uwa mai goyo. A duba ko filin musayar fadama ne, ko gangare, ko ƙarƙashin manyan wayoyin lantarki, ko ma dama can na jama'a ne aka sake masa suna. Kuma a buɗe shi kafin a kafa shinge a tsohon, don alkawarin "daga baya" shi ya fi saurin shiga kwandon mantuwa.

Filin ya lalace, ya zama matattarar ɓata-gari. Ba gara a yi wani abu da shi ba?

Wannan ƙorafi ne na gaske, kuma masu adawa da otal suna kuskure in suka yi watsi da shi. Amma a tambaya me ya lalata wurin. Galibi fitilu ne suka mutu, ban-ɗaki ya rufe, aka daina yankan ciyawa. Gyaran waɗannan bai kai ko kusa da kuɗin gini ba. Ƙaramin shagon shayi ko wurin hayar keke a hayar shekara biyar yana kawo kuɗi, yana kawo idanu, kuma ana iya ɗauke shi in bai yi ba. A kuma ƙirga masu zuwa kafin a ce ba kowa: safe da yamma, ranar aiki da ranar hutu, aƙalla mako biyu a yanayi daban-daban.

Ai akwai otal-otal a cikin manyan gandun daji, suna kuma aiki.

Akwai. Otal ɗin Banff a Kanada tun 1888 yake, babban masaukin Yellowstone a Amurka tun 1904. Amma Yellowstone ya kusa murabba'in kilomita 9,000, kuma mai ziyara daga nesa dole ya kwana. A can masauki yana yi wa gandun hidima. Filin cikin gari maƙwabta ne ke zuwa da ƙafa su koma gida, ba su da buƙatar ɗaki.

In duk da haka gari ya zaɓi ginawa, me dole ya shiga yarjejeniya?

Da farko a tallata a fili kowa ya kawo tayi, kada a zauna da mutum ɗaya a ɗaki. Masu ƙiyasta kadara biyu da ba su da alaƙa da juna su sa wa ƙasar daraja. Haya ta kasance da mafi ƙarancin adadin da za a biya kowace shekara, mai tashi tare da tsadar rayuwa, ƙari a kan kaso daga jimillar kuɗin shiga, ba daga riba ba. Kada a miƙa fili sai mai jari ya nuna takardar banki cewa kuɗin gama aikin gaba ɗaya yana nan, ya kuma ajiye lamunin da zai isa a kammala ko a rushe. Mafi munin abin da ke samun gari shi ne a sare bishiyoyi, a zuba ginshiƙai, kuɗi ya ƙare, kango ya tsaya shekara goma, an yi ba a yi ba.

A sa ranar farawa da ranar gamawa, in aka wuce fili ya koma. A hana sayar da hayar ko mayar da ginin gidajen zama ba da yardar majalisa ba. A zana hanyoyin da jama'a za su ci gaba da bi a jikin taswira, a rubuta cewa otal ba shi da ikon rufe sauran filin don biki ko taro. Kuɗin hayar kuma ya shiga asusu na musamman don filayen shaƙatawa, in ba haka ba zai narke a cikin albashi.

Mazauna gari me za su iya yi, kuma yaushe?

Da wuri. Shawara takan ƙullu tun ranar da majalisa ta ayyana filin a matsayin wanda ba a buƙata, ko ta sa hannu a takardar fahimtar juna da mai jari, watanni kafin kowa ya ga zane. Wanda ya jira katafila ya yi ihu bayan hari. A riƙa bin ajandar zaman majalisa, a nemi takardu a rubuce, a shigar da ƙorafi a rubuce cikin wa'adi tare da ajiye kwafi mai hatimi, domin kotu takan duba abin da aka gabatar a kan lokaci, kuma wa'adin ƙalubalantar izinin gini gajere ne, a Ingila mako shida. Ƙorafin da ya ambaci sharaɗin takardar mallaka, lissafin ruwa da wani wurin da za a iya ginawa ya fi sa hannun mutum dubu nauyi a gaban hukuma, ko da yake ana buƙatar duka biyun.

Shari'a ma ba ita kaɗai ce hanya ba. A 1989 Wangari Maathai, 'yar fafutukar kare muhalli ta Kenya, ta kai ƙara kan shirin gina bene mai hawa 60 a filin Uhuru na Nairobi, kotu ta kori ƙarar. Ba ta daina rubuta wasiƙu ga hukumomi, 'yan jarida da masu ba da kuɗi ba, har masu jarin waje suka janye, aka jingine aikin a 1990. Saboda haka a binciko wanda zai ba da bashin ginin da kamfanin da zai rataya sunansa, a aika musu da takardar mallakar filin da kwafin ƙorafin da aka shigar, tun kafin su sa hannu.